Wayoyin wutar tsohon injin jirgi sun ruɓe: a naɗe su ko a sake su?

Tambayar ta zo daga wani ɗan'uwa mai jigilar mutane da kaya a kogin Kwara, wajen Yawuri. Injinsa Yamaha ne mai doki 40, irin wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai, kuma na hannu ya saye shi shekaru da dama da suka wuce. Da ya buɗe murfi sai ya ga robar wayoyin da ke fitowa daga ƙarƙashin fulawil ta bushe, tana ɓarɓashewa in an taɓa, har ana hango jan ƙarfen a wuri biyu. Injin yana tashi lafiya, amma wani lokaci in ya murɗa totur sai ya yi tari ya mutu. Wani ya ce masa ya sayi sabon CDI, wato akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, wani ya ce baƙin salatif ya isa. Yana so ya san wanne zai bi.

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Ka kyauta da ka buɗe murfin ka duba da idonka kafin ka kai kuɗinka kasuwa. Kada ka sayi CDI tukuna, kada kuma ka dogara da salatif. Wayoyin nan sake su za ka yi, kowace daga tushe har ƙarshe, domin ranarsu ɗaya, zafi ɗaya suka sha, mai ɗaya ya jiƙa su. Inda ka hango jan ƙarfe nan ne kawai ruɓar ta fara fitowa fili, amma sauran ma sun kusa. Aikin ba na tsada ba ne, na haƙuri ne.

Sai ka san yadda wutar ke tafiya kafin ka fahimci abin da ke kashe maka inji. A cikin fulawil, wato faifan ƙarfen nan mai nauyi da igiya ke juyawa, akwai maganaɗisu. In ya juya sai ya wuce ta gaban kwayil ɗin caji, wato naɗin siririn zaren jan ƙarfe, wanda ke haifar da wuta ba tare da batir ba. Wannan wutar ba irin ta fitilar jirgi ba ce mai volt 12, tana kaiwa volt 100 zuwa sama da 200, kuma a cikin siririyar wayar nan take bi ta shiga akwatin CDI, inda ake tara ta. Akwai wani ƙaramin kwayil da makanikai ke kira falsa, aikinsa ya sanar da akwatin cewa fistin ya iso inda ya kamata a kunna. Nan take akwatin ya saki abin da ya tara zuwa kwayil ɗin fulogi, shi kuma ya ɗaga ta sama da volt 15,000, ta bi ta cikin kakkaurar waya ta tsallake bakin fulogi. Ka ga ke nan robar da ke jikin waɗannan wayoyi ba ado ba ce. Ƙaramar tsaga da wutar fitila ba za ta kula da ita ba, wutar caji za ta bi ta ciki ta zube a jikin inji, musamman in akwai laima ko dattin mai.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne yadda madannin kashewa yake aiki. Ba yanke wuta yake yi ba kamar makunnin ɗaki. Haɗa waya yake yi da jikin inji, wutar ta zube, fulogi ya rasa. A injunan Yamaha farar waya ce ke wannan aiki, baƙa kuma ita ce ta jiki. Don haka duk inda farar wayar nan ta goge ta taɓa ƙarfe, daidai yake da ka danna madannin da hannunka.

Yanzu mu zo kan totur, domin nan ne alamar da ka bayar ta fi magana. A yawancin tsofaffin injuna farantin da kwayil-kwayil ke zaune a kai, ƙarƙashin fulawil, ba a kafe yake ba. Yana ɗan juyawa tare da totur don ya gaggauta tayimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, in gudu ya ƙaru. Ka gwada da kanka injin yana kashe: murɗa totur a hankali daga silo har ƙarshe, idonka a kan daurin wayoyin da ke fitowa daga ƙarƙashin farantin. In ka ga suna lanƙwasa suna miƙewa, to ka tuna sau nawa ka murɗa hannun nan tun da ka sayi injin, ka haɗa da na wanda ya riƙe shi kafin kai. Wayar da robarta ta bushe, a silo tana zaune lafiya, da ka ƙara wuta sai ta ja, ko dai tsirarar ta taɓa ƙarfe, ko silallan da suka karye a ciki su rabu. Shi ya sa injin ke tashi da safe ya mutu a tsakiyar ruwa. Akwatin CDI in ya lalace ba ya cika bin murɗin hannu haka, ya fi mutuwa gaba ɗaya ko ya gaza in ya ɗauki zafi.

An taɓa kawo mini wani inji mai irin wannan ciwo, mai shi ya riga ya sayi akwati har sau biyu, ya canza fulogi, an wanke kafireto har ya gaji da biya. Na ɗaga hannun tuƙi sama kamar yadda ake yi in za a ajiye jirgi, na sauke, na sake ɗagawa. A daidai gaɓar da hannun ke lanƙwasa, inda wayar madanni ke wucewa, na ga ɗan wuri mai ƙyalli a jikin ƙarfen, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na juya farar wayar, sai ga gefenta ya cinye, silalla uku suna leƙowa. In ya danna hannun ƙasa yana tuƙi sai ta taɓa. Wayar da ba ta kai kamu biyu ba ita ta ci masa kuɗin akwati biyu, kuma tsohon akwatinsa lafiyarsa ƙalau. Abin ya daɗe yana damuna, don mutumin da bashi ya sayi na biyun.

Saboda haka gwajin farko ba ya cin ko kwabo. Ka ɗaure jirgi a gaɓa, giya a furi, ka cire farar wayar daga inda take shiga wajen akwatin, ka tayar. In matsalar ta ɓace, laifin yana kan wayar madanni ko madannin kansa, wanda ruwa kan shiga ya yi tsatsa a ciki. Ka sani a wannan hali madanni ba zai kashe maka inji ba, sai ka ja cok ko ka cire tiyon mai ka jira. Kuma kada ka bar shi haka ka ce ka huta. Na ga masu jirgi da dama sun yanke wayar sun ci gaba da aiki. Ranar da mutum ya faɗa ruwa kusa da farfela, ko kai kanka ka zame daga mazauninka, wannan madannin da igiyarsa da ake ɗaurawa a hannu su ne za su tsayar da injin.

Gwaji na biyu na ƙarfin wuta ne. Yadda aka saba, a cire fulogi a jingina shi da jikin inji a ja igiya, in an ga tartsatsi a ce wuta na nan. Wannan yana yaudara. Bakin fulogi bai wuce milimita 1 ba, kuma a sarari ko raunanniyar wuta za ta tsallake shi, alhali a cikin silinda, inda iska ke matse, tana bukatar ƙarfi fiye da haka nesa. Wutar CDI mai lafiya ya kamata ta tsallake tazarar milimita 9 da shuɗin tartsatsi mai ƙara. Akwai ɗan abin gwaji da ake sayarwa, in babu kuma kana iya kafa kusoshi biyu a busasshen katako, bakinsu na duban juna da wannan tazara, ɗaya ka haɗa da wayar fulogi, ɗaya da jikin inji. Ka cire fulogai don igiya ta yi sauƙi, ka goge duk fetur da ya zube, ka nisantar da wurin tartsatsin daga ramin fulogi. Kada ka taɓa jan igiya wayar fulogi tana reto ba ta da inda za ta zubar da wutarta, domin wutar da ta rasa hanya cikin kwayil take komawa ta huda shi.

Akwai kuma gwajin dare, wanda na fi so ga kaurara wayoyin fulogi. Ka tayar da injin bayan isha'i, murfi a buɗe, ba fitila. In wayar ta tsattsage za ka ga ƙananan shuɗin tartsatsi suna tsalle daga jikinta zuwa ƙarfe, har ka ji ƙas-ƙas. Ka tsare hannunka da rigarka daga fulawil.

Dalilin da ya sa na hana ka salatif biyu ne. Na farko, ƙarƙashin murfin nan zafi ne da tururin fetur da mai, su kuwa narkar da gam ɗin salatif suke yi, bayan 'yan makonni ya warware ya zama danƙo, wani lokaci har fulawil ya kama bakinsa ya ja wayar. Na biyu ya fi muhimmanci: ruɓar ba a roba kaɗai take ba. Ka fere wayar ka duba. Jan ƙarfe mai lafiya ja ne mai sheƙi. In ka tarar da shi baƙi ƙirin ko kore, laima ta shiga ta tsagar ta bi silallan tana tafiya ta ƙarƙashin roba, sau da yawa har tsawon hannu. Irin wannan ba ya kama dalma, ba ya wuce da wuta yadda ya kamata, kuma da ka lanƙwasa sai ya karye. Injunan hannu da suka fara aiki a ruwan gishiri, a bakin teku, kafin su hauro mana nan, sun fi fama da wannan. Wata dabara kuma, ka kama wayar da hannu biyu ka ja a hankali. In ta miƙe kamar roba a wani wuri, silallan ciki sun riga sun yanke, fata ce kawai ta riƙe. Salatif amfaninsa ɗaya, ya kai ka gida in abin ya same ka a kan ruwa.

In kana da mita, ka sa ta a ma'aunin om, wanda ke auna yadda waya ke tare wuta, ka auna kowane kwayil daga bakin wayarsa, wani yana karkaɗa wayar da murɗa totur. Lambar da ke tsalle tana nuna karaya a ciki. Adadin da kowane kwayil ya kamata ya nuna yana cikin littafin injin, ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri, kuma a inji mai sanyi ake aunawa. Mita ta yau da kullum ba ta iya kama ƙololuwar wutar caji in ana jan igiya, sai da wani ɗan mahaɗi na musamman, don haka kada ƙaramar lamba ta sa ka yanke wa kwayil hukunci.

To, aikin kansa. Ka zaɓi ranar da ba ka da lodi, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka kwance komai ka ɗauki hotuna da wayarka ta kowane gefe, ka ga inda kowace waya ta bi, ta ƙarƙashin wane maɗauri ta wuce, a wane noti ta ƙare. Ka sa alama da fenti ko ƙusa a kan sandunan da ke haɗa totur da faranti, kada ka taɓa tsawonsu, don su ne tayimin.

Cire fulawil shi ne inda aka fi ɓarna. Yana zaune ne a kan bakin babbar sandar inji mai tsini, ya kama gam, kuma da fula, wato ƙarfen da ke jawo shi, ake cire shi, irin mai ƙusoshi uku da ke shiga ramukan da aka tanada a samansa. Kada a sa fula mai ƙugiya a gefensa, yana lanƙwasa shi. Kada a zura ƙusoshin su wuce kaurin ƙarfen, domin kwayil na nan ƙasa kaɗan, na sha ganin wanda aka huda ta haka. Kada kuma a sa sukudireba a ƙasa ana dukan sanda da guduma, wannan yana cin zaren sanda da boris, yana kuma iya fasa maganaɗisu. In ba ka da fula, ka ara ko ka kai wa mai ita ya cire maka, sauran aikin ka yi da kanka. Ka bar notin a kan sanda a sassauce lokacin da kake matsa fula, don in ya saki da ƙarfi yake saki.

Da ya fita ka duba ɗan makullin nan mai siffar rabin wata da ke cikin tsagar sanda. Shi ke tsayar da fulawil a daidai inda tayimin yake. Ku da ke aiki a wannan yanki kun san tun da aka datse ruwa a Kainji a 1968 itatuwan da tafki ya shanye kututturansu na nan a ƙasa. In farfela ta daki ɗaya injin ya tsaya cak, nauyin fulawil kan ci gaba ya yanke makullin ko ya ɗan tauna shi. Wuta za ta fito da ƙarfinta amma ba a lokacinta ba, injin ya riƙa harbi ko fizge igiya daga hannu. In ka ga ko ɗan tabo a jikinsa ka sake shi, kuma da nasa na asali, ba guntun ƙusa da aka goge ba.

Zaɓen waya shi ne rabin aikin. Wayar gida mai sili ɗaya ba ta da wuri a jikin inji, girgiza za ta karya ta. Kana son mai silalla da yawa ƙanana, mai laushi, kaurin jan ƙarfenta milimita murabba'i 1 zuwa 1.5, robarta mai jure zafi da mai. Wadda ta fi duka ita ce ta jiragen ruwa, da aka shafe kowane silinta da kuza, za ka gan ta fara kamar azurfa amma in ka kankare ja ce a ciki. Ka yi hattara da kishiyarta da ta cika kasuwa, wadda waje ja ne ciki kuwa alminiyom. Ka kankare da wuƙa, in fari ya fito daga ciki ka ajiye. Ko ka kunna mata ashana, silallan alminiyom nan da nan suke lanƙwashewa su zube, jan ƙarfe kuwa ja kawai yake yi ya tsaya. Araha ba ta ado, kuma duk wayar da za ka saya ba ta wuce 'yan mitoci ba. In ba ka samu ta jirgi ba, ni na fi yarda da wayar da aka ciro daga ɗakin injin motar da ba ta tsufa ba, wajen masu kayan gwangwan, don an yi ta ne domin zafi da mai. Amma kada ka ciro dauri daga wani mataccen injin jirgi sa'an naka, ciwonsu ɗaya.

Ka yi ƙoƙari ka riƙe launuka. A yawancin injunan Yamaha ruwan ƙasa, sau da yawa tare da shuɗi, daga kwayil ɗin caji suke, fari mai ratsin ja ko ratsin baƙi na falsa ne, kore na fitila. In launin bai samu ba ka sa alama a bakin kowace waya, gefe biyu, don wanda zai buɗe injin bayanka, wataƙila ɗanka ne. Kuma ɗaya bayan ɗaya za ka yi, ka yanke tsohuwa, ka auna sabuwa da ita, ka haɗa, sannan ka taɓa ta gaba.

Wajen kwayil ka natsu. Zaren da aka naɗa a cikinsa siriri ne kamar gashi, kuma wayar da ke fitowa an haɗa ta da shi a ciki an rufe. Kada ka ja, kada ka tono. Ka bar guntu kamar santimita 2 ko 3 daga jikin kwayil, in jan ƙarfen wurin yana da haske ka haɗa sabuwa a nan. In baƙin ya shige har cikin jiki, ko kwayil ɗin ya tsage, ko ya kumbura, ko yana warin ƙuna, wannan kam sai sabo, babu dabara. In ka kwance kwayil daga kan faranti ka mayar da shi daidai inda yake, kada ya matso waje fulawil ya goge shi.

Game da haɗi, makanikai sun rabu, wasu dalma wasu matsewa. Ga abin da na gani. Dalma tana ba da haɗi mai kyau, amma tana bin silalla ta sandarar da wayar, kuma daidai inda taurin ya ƙare nan girgiza ke karyawa. Matsewa da ɗan bututun ƙarfe ta fi jure girgiza, amma sai da filaya ta ainihin aikin, ba a tauna da filayar gida ba. Ni a ƙarƙashin fulawil, inda wuri ya yi kaɗan, nakan murɗa silallan su riƙe juna da kansu, in sa dalma kaɗan da sauri kada zafi ya shiga kwayil, sannan in ɗaure wayar gaba da haɗin yadda ba zai motsa ba. A waje kuma matsewa. Dalmar ta zama irin ta masu gyaran rediyo mai ƙaro a ciki. Ruwan asid da masu gyaran lagireto ke amfani da shi zai cinye maka wayar cikin 'yan watanni. Duk hanyar da ka bi, kada haɗi ya faɗo a wurin da daurin ke lanƙwasa, kuma kada haɗe-haɗen su taru a wuri guda, ka jera su ɗaya gaba da ɗaya don ko rufin wani ya buɗe ba zai tarar da ɗan'uwansa ba.

Rufin haɗi shi ne bututun roba mai tsukewa in ya ji zafi, in ka samu mai gam a ciki ya fi, don yana toshe laima. Ka tuna ka zura shi kafin ka haɗa. Ka tsuke shi nesa da tanki da kafireto. Kada ka shafa silikon ɗin nan mai warin tsami a kan jan ƙarfe, tsamin asid ne, kore zai mayar da shi.

Sai shimfiɗa wayoyin, kuma nan ne hotunanka za su yi amfani. A ƙarƙashin fulawil kowace ta kwanta ƙasa, ta bi ta maɗaurinta, babu wadda ta ɗago. Inda daurin ya fito daga faranti ka sa masa riga, ko guntun tiyon mai ne, ka bar masa sarari daidai yadda zai bi faranti daga silo har ƙarshen totur ba tare da ya ja ko ya goga ba. In ya yi gajere zai tsinke, in ya yi tsawo zai sami abin da zai taɓa. Ka murɗa totur sau ashirin kana kallo kafin ka rufe. Ka nisantar da wayoyi daga kan silinda da wajen hayaƙi, kada kuma ka ɗaure siraran wayoyin falsa tare da kaurara na fulogi, don wutar babbar tana iya rikita siginar ƙaramar. Duk ramin da waya ta ratsa ƙarfe a mayar masa da robarsa.

Baƙaƙen wayoyin jiki kada ka raina su. Wutar da ta tafi ta nan take dawowa. Ka kwance kowane noti, za ka ga farin gari tsakanin kan wayar da alminiyom, ka goge da sanfefa har ƙarfe ya yi haske, ka ɗaure tam, sannan ka shafa giris a sama.

Wayar fulogi kuma mai kaurin milimita 7 ce, mai jan ƙarfe a tsakiya. Ta mota mai baƙin zare kamar gawayi a ciki ba ta dace da waɗannan injuna ba. Hular fulogi murɗa ta ake yi a kan wayar, akwai ɗan sukuru mai tsini a cikinta. Ka warware ta, in bakin wayar ya yi baƙi ka yanke santimita 1 ka sake murɗawa. Huluna da yawa suna da abin rage ƙara a ciki, wato ƙarar da wutar fulogi ke sa wa rediyo, mita za ta nuna wajen om 5,000, in ta nuna babu hanya sam hular ta mutu. A wasu kwayil wayar tana fita a sake ta, a wasu an narka ta a ciki, in ta tsage kusa da jiki sai an sake kwayil ɗin duka. In kwayil biyu ne ka tabbata na sama ya tafi silindar sama. Fulogi ka sa lambar da aka rubuta wa injinka. A lambobin fulogin kamfanin NGK, harafin R yana nufin akwai abin rage ƙara a ciki, lamba 10 a ƙarshe kuma tana nufin tazarar baki milimita 1.

Ga masu tsofaffin injunan Johnson da Evinrude da za su karanta wannan, launukanku daban ne, wayar kashewa baƙa ce mai ratsin rawaya. Kamfanin OMC da ya ƙera su ya karye a 2000, an kuma daina ƙera Evinrude a 2020, don haka ku riƙe kayan da kuke da su da kyau. Waɗanda suka fi tsufa masu kwantak da kondansa ne, tazarar kwantak milimita 0.5, wutarsu in ta tsallake milimita 6 ta yi, kuma kwayil ɗinsu na asali ya shahara da tsagewa in ya tsufa. Ko wane iri ne injinka, kada wutar batir ta taɓa wayar kashewa. Masu sa makullin mota a jirgi su ke faɗa wa wannan, don na mota wuta yake bayarwa, na jirgi kuwa zubarwa yake yi, kuma kuskuren daƙiƙa ɗaya ya isa ya ƙona akwati.

Wajen mayarwa ka goge bakin sanda da ramin fulawil su bushe, ba mai ba giris, ka duba ko maganaɗisu ya kwashi wani wasa ko guntun waya, ka zaunar da makulli, ka juya da hannu ka saurara ko akwai abin da ke gogawa. Notin yana da ma'aunin ɗauri a littafi, kuma da sifana mai awo ake ɗaure shi, domin sakakken noti shi ma yana yanke makulli. Ka sake gwajin milimita 9 a kowace silinda. In har yanzu babu wuta, farar waya a cire, kwayil-kwayil sun nuna adadinsu, wayoyin jiki suna da tsabta, to yanzu ne maganar CDI ta taso, kuma in da hali ka ari na wani mai irin injinka ka gwada kafin ka biya.

Kada ka tayar da shi a busasshe ko na ɗan lokaci, robar famfon ruwa ƙonewa take yi nan da nan. A cikin ganga ko a gaɓa, ka ga fitsarin ruwa yana fita, ka sa busasshen kara ka riƙa taɓa wayoyin da ke waje ɗaya-ɗaya injin yana silo. In ya yi tari a kan wata, ka koma mata. Ka danna madanni ka tabbata yana kashewa. Fitar farko kai da yaronka kawai, ba fasinja, da filafili a ciki da rigar ruwa a jiki, kuma ka nufi sama, ka hau ruwa, don in ya mutu igiyar ruwa ta dawo da kai gida. Ka ba shi totur duka, ka sauke, ka juya hagu da dama, har ya ɗauki zafi sosai. Bayan mako guda ka sake buɗe murfi ka nemi inda sabuwar roba ta yi ƙyalli ko ta dushe, nan ne take gogawa, ka gyara mata zama.

In ka turo mini haruffa da lambobin da ke kan ɗan farantin da ke jikin maƙalar injin, inda ake ɗaure shi da jirgi, tare da hoton ƙarƙashin fulawil, zan duba maka adadin om na kowane kwayil da ma'aunin ɗaurin notin. Allah ya tsare hanya, ya ba da kasuwa.